Kwanukan Inna a Kabad ɗin Maƙwabciya

Kwanukan na mahaifiyata ne, wadda muke kira Inna. Da su aka yi mata jere, da su aka yi mini nawa, kuma da za mu taho Ingila ta zauna a tsakar gida ta naɗe kowanne da tsohon zane, ta ce in kula da su, wata rana 'yata za ta so su. Akwai samira, akwai langa masu murfi manya da ƙanana, sai fanteka guda ɗaya babba mai jan fure, wadda bakinta ya ɗan ɓantare tun ranar da yayana ya ture ta yana rarrafe. Maigidana ya yi ta mita a filin jirgi, wai mutane suna tafiya Turai da littattafai, mu muna tafiya da ƙarfe. Inna ba ta ƙara ganin kwanukanta ba. Ni ma ban ƙara ganinta ba sai a zuwa biyu, kafin Allah ya karɓi abarsa.

A Manchester muka zauna, unguwar Withington, a irin gidajen nan da ke manne da juna kamar haƙora. Malam, haka nake kiran maigidan, akanta ne a wani ofis ta wajen Oxford Road. Ya fita da safe ya bi bas, ni ina gida. Ni ba mai fita ba ce, ko a Kano ma haka nake. Karatuna bai wuce firamare ba, ɗan Turancin da nake ji duk a kunne na tsince shi, a rediyo da bakin yara da zaman jiran likita. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Kwanukan kuwa babu inda zan jere su, ɗakunan ƙanana ne. Da autata ta tashi aure na fito mata da su, ta yi dariya ta rungume ni ta ce, "Mama, ai waɗannan sai museum." Na mayar da su kwali, na tura ƙarƙashin gado. Na dai riƙe maganar Inna a raina.

Bango ɗaya ne tsakaninmu da wata tsohuwar Baturiya. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo, ɗanta ɗaya yana can kudu, sai lokacin Kirsimeti ake ganin motarsa. Ni Iya nake ce mata, ita kuwa kowa "love" ne a wurinta, har masu kwasar shara. Shekaru muka yi ba mu wuce gaisuwar bakin ƙofa ba. Amma ta bango na san ta tsaf. Na san tarinta na safe, na san kukan butar shayinta, na san motar da ke tsayawa da rana a kawo mata abinci da yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar.

Sai aka shiga shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Aka rufe wurin da tsofaffin unguwa ke taruwa su yi hira, aka rage masu zuwa duba su a gida, motar abincin ma ta daina zuwa. Ni ba a jarida na gani ba. Ji na yi rana ta take ba a ƙwanƙwasa ƙofarta ba, washegari ma haka, kuma ban ji motsin tukunya ba, sai buta da na'urar gasa burodi, safe da rana da yamma.

Na yi faten dankali ba yaji. Da na zo zubawa sai na tsaya da ludayi a hannu, don a gidanmu ba a kai wa babba abinci a roba. Na durƙusa na jawo kwalin nan, na ɗauko langa ɗaya mai koren ganye, na wanke, na zuba, na rufe. Da Iya ta buɗe ƙofa ta dubi langar, ta dube ni, ta ce, "Nawa ne, love?" Na ce nata ne. Ta karɓa da hannu biyu tana shafa murfin, tana ta cewa kyakkyawa ce, kyakkyawa ce.

To kun san yadda abin yake a wurinmu. Kwano ya je, kwano ya dawo, a wanke, wani lokaci ma da 'yar gyaɗa ko goro a ciki. Na jira washegari, langa ba ta dawo ba. Na ce tsufa ne, ta manta. Na yi kunun gyaɗa na zuba a wata, ita ma shiru. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar taushe, shiru. Miyar kuka ce kaɗai Iya ta gaya mini gaskiya cewa ta gagare ta, amma kwanon da na kai a ciki shi ma bai dawo ba. Kwali yana ta raguwa, ni kuma in na je bakin ƙofarta da niyyar magana, sai ta tare ni da godiya, sai kunya ta kama ni. Ta yaya zan dubi sa'ar uwata in ce ta ba ni kwanona, kamar wadda ta yi mini sata?

Malam ya lura. Wata rana yana neman takalmi ƙarƙashin gado ya ja kwalin ya ji ba nauyi.

Ya ce, "Hajiya, gado kike rabawa tun da ranki?"

Na ce, "Aro ne."

"Aro? Ai ni akanta ne, na san aro. Wannan ba shi da ranar dawowa."

"To kai ka je ka karɓo mana."

"Ni? Ina gemuna ina komai in tsaya ƙofar Baturiya ina cigiyar kwano? Ki rufa mini asiri."

Muka yi dariya, amma ranar abincin bai yi mini daɗi ba.

Ranar da na fara shiga gidanta, hannunta ne ya kumbura ba ta iya riƙe kwano, ta ce in shigo da shi. Na bi ta falo. Gidanta irin namu ne sak, amma falon sai na ga kamar ba shi ba, saboda wani kabad da ya cinye bango guda daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ban taɓa ganin katako irinsa ba, ja ne mai duhu, yana sheƙi daga ciki kamar zumar da ta daɗe a kwalba. Daga baya Malam ya ce mahogani ne, ɗan'uwan maɗacinmu. Tsakiyarsa ta ɗan turo gaba, gefe da gefe sun ja baya. Ƙasa ƙofofin katako ne, sama na gilashi, an bi gilashin da siraran itace an yi masa zane kamar ƙwai a tsaye. Tsakanin ƙofa da ƙofa an sassaƙa ginshiƙai sirara masu tsaga-tsaga, irin na gaban manyan gine-ginen cikin gari, aka ƙanƙanta su. Kansa ya tashi kamar rufin soro ya kusa taɓa silin, akwai wani ɗan tulu na katako da ya kamata ya zauna a can ƙoli, amma babu wuri, sai ta ajiye shi a kan talabijin.

A bayan gilashin kuma kwanukan Inna ne, a jere.

Wallahi jere ne sosai. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowanne da murfinsa, fure yana kallon waje. Ba wanda ya koya mata. Na tsaya da abinci a hannu, sai na ga ɗakin Inna, har da ƙamshin turaren da take sawa ranar Juma'a. Na zauna ba a ce in zauna ba.

Iya ta ɗauka kabad ɗin ne ya burge ni, sai ta kama labari, ni kuma ina tsintar abin da na iya. Ta ce don wani katafaren gida na masu hali a ƙauye aka yi shi, tun zamanin kakannin kakanni, a ɗakin karatunsu yake, cike da littattafan da ba mai buɗewa. Mahaifinta shi ne mai gyaran katakon gidan. Bayan yaƙin duniya gidan ya gagari masu shi, aka sayar da komai aka rushe, shi kuma aka bar masa wannan. Gunduwa-gunduwa yake rabuwa, da haka aka shigo da shi. Mijinta ya cika shi da nasa littattafan, da ya rasu ba ta iya kallon su, ta kai su laburaren unguwa. Tun daga nan kantocin suke fayau.

Ta ciro ɗan makulli daga aljihun rigar sanyinta, ta buɗe ƙofa ɗaya, ta gyara wani murfi da bai karkace ba. Ta ce, "Da ina zama in juya masa baya, love. Yanzu na juyo da kujerata. Ban san me na yi miki ba da kike ta ba ni kyawawan abubuwa haka."

Na ce, "Ba komai, Iya." Abin da na ce ke nan.

Da na ba autata labari a waya ta ce, "Mama, just ask her mana. Ko in kira ta ni in yi mata explaining? It's not a big deal."

Na ce, "Ke da kika ce na museum ne? To ga shi sun samu."

"Amma na Inna ne fa."

"Na sani. Bango ɗaya ne tsakanina da su. Ki bar ni da ita."

Na gwada roba, don kada sauran su ƙare. Ranar da na kai a roba, kafin la'asar ta ƙwanƙwaso ƙofata da ita a wanke, ta ce na san za ki buƙaci wannan. Ashe ta san ana mayarwa. Masu furen ne ta ɗauka kyauta ce, don a ganinta ba mai kai wa maƙwabci abinci a abu mai kyau haka sai in da shi aka ba shi. Kuma na lura duk ranar roba ba ta cin kirki, sai in ga rabin abincin a firij ɗinta. Sai muka samu wata hanya ba tare da mun yi shawara ba. In na je da yamma, ta buɗe kabad ta zaɓi kwanon gobe, in tafi da shi, in dawo da shi cike. Ta kan daɗe tana zaɓe kamar amarya a kasuwa.

Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Da safe ina wanke-wanke sai in ji ƙaras ɗin makulli ta bango, sai ƙofar gilashi, sai ta fara goge su ɗaya bayan ɗaya. Kowane murfi da muryarsa. Ina tsaye a kicin ɗina na san yanzu samira ƙarama ce a hannunta, yanzu mai koren ganye. Tun da Inna ta rasu ban taɓa jin kusa da ita kamar lokacin ba.

Fantekar ce kaɗai ta rage a kwali. A cikin kabad ɗin kuwa, kanta ta tsakiya, wadda ta fi faɗi, Iya ta bar ta ba komai, don babu kwanon da ya cika ta. Da ƙaramar Sallah ta zo na yi waina, na cika fantekar, na ɗauka da kaina. Na san inda za ta zauna tun kafin in fita. Malam yana ɗaura agogo ya bi ni da ido, wannan karon bai yi tsokana ba. A raina na ce ai ajiya ce, kuma ta fi ƙarƙashin gado daraja. Duk ranar da ɗanta ya zo zan ja shi gefe in gaya masa. Ya zo Kirsimeti sau biyu, duk da sauri, yana waya yana sauke kaya, ban ga fuskar da zan tare shi da zancen kwano ba.

Sai autata ta haihu a Birmingham, mace. Suna zaune a unguwar Perry Barr a wani flat hawa na uku, ita da mijinta da ke karatun digiri na ƙarshe. Babu kowa sai ni, dole in je wankan jego. Na cika firiza da abinci, na ɗora wa Malam kai wa Iya kullum in ya taso aiki. Ya ce ashe dai sai ya tsaya ƙofar Baturiya da kwano. Da na je sallama Iya ta riƙe hannuna ta ce in kawo mata hoton jaririyar, in kuma dawo da wuri, don mijina ba zai iya zaɓen kwano ba.

Jego a flat wahala ne. Babu tukunyar wanka, babu ganyen darbejiya, sai buta ta lantarki a yi ta dafawa ana juyewa a bokiti. Kwana da kwanaki ban san rana ta fito ko ta faɗi ba. In na tambayi Malam Iya a waya sai ya ce, "Ki ji da mai jego tukuna," in ɗauka gajiya ce.

Wata safiya bayan suna da 'yan makonni, na dama kunun kanwa na miƙa wa autata a wani kofi mai rubutun jami'a. Tana shayarwa, ta dubi kofin, ta dubi 'yar, ta ce, "Mama, kwanukan nan na Inna. I think ina so yanzu. Ko da guda biyu ne, in ajiye mata."

Na juya baya kamar ina neman cokali, don kada ta ga fuskata. Na ce, "Suna nan. Duka naki ne."

Na shiga ɗaki na kira Malam da murnata, na ce maganar Inna ta tabbata, in na dawo zan samu Iya in yi mata bayani a hankali, ko rabi ne ta ba ni. Na san muryar Malam kala-kala, wadda ya amsa da ita ban taɓa jin irinta ba.

Ya ce, "Hajiya, ki zauna."

Ya ce washegarin da ya dawo daga suna ya kai abinci ya yi ta ƙwanƙwasawa ba amsa. Ya leƙa ta ramin wasiƙa ya gan ta a ƙasan bene. Ya kira motar asibiti, ya bi su. Ba ta yi mako ba ta cika. Ya ɓoye mini ne don ina tare da mai ɗanyen jego.

Na ce, "An kai ta?"

"An kai ta. Na je, na tsaya daga baya."

Na yi kuka mai isata, yana riƙe da waya bai katse ba. Sai da na lafa ya ce akwai saura. Ɗan ya sa an kwashe gidan a yini ɗaya. Shi ya taso daga ofis ya tarar ana loda gunduwar ƙarshe ta kabad ɗin a babbar mota. Ya tambayi masu lodin, suka ce wani dillalin tsofaffin kaya ne a Birmingham ya saya, ƙananan kaya kuwa wasu ne daban suka kwashe da safe, su ba su sani ba. Ya kira ɗan, ɗan ya ba da haƙuri, ya ce shi bai san ba na uwarsa ba ne, bai ma duba ba. Amma Malam ya karɓi kwatancen dillalin, ya ce wa ya sani, ko an haɗa da wani kwali.

Surukina ne ya kai ni. Ni da ko abinci ba na ci a gabansa, ga ni a bayan motarsa, sai na buɗe baki na yi masa bayanin langa da fanteka don ya san abin da zai ce da Turanci. Yana ta "To, Mama," idonsa a kan hanya.

Wurin wani dogon sito ne mai sanyi, cike da teburori da agogunan bango da kujerun da aka kifa a kan juna. Tun daga ƙofa na hango shi a can ƙarshe. Sun haɗa shi, sun ɗora masa tulunsa a ƙoli, ashe haka yake da tsayi. A falon Iya kamar a durƙushe yake. Babu komai a bayan gilashin.

Dillalin dattijo ne mai sanyin murya. Surukina ya yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yi baƙin ciki, amma fanko ya zo masa. Ya ɗaga waya ya kira masu kwashe gidan a gabanmu. Na ji amsar kafin a fassara mini. Abin da ke da kyau suna kai wa shagunan sadaka masu sayar da gwanjo, ba su rubuta wanne ba, abin da ya ɓantare kuma yana bin tarkacen ƙarfe.

Na ce wa surukina ya roƙe shi ya buɗe mini. Ya buɗe, da makullin nan dai, ƙarar ma ita ce. A kan kowace kanta akwai shatin gindin kwano, fari-fari, zagaye-zagaye, a jere. Da hannun Iya ya yi rauni ba ta iya tsane su sosai kafin ta mayar, ruwan ne ya ci man katakon. Dillalin ya ga ina kallo, ya ce kada in damu, mai gyara zai zo cikin makon ya fitar da su tas, kamar ba a taɓa ajiye komai ba. Yana nufin alheri ne.

Na sa yatsa na bi su. Ban yi niyyar magana ba, sai na ji ina cewa wannan samira ƙarama ce, wannan mai koren ganye, wannan wadda Inna ke ajiye man shanu, wannan babban na tsakiya fanteka. Surukina ya fara fassarawa, sai ya bari. Ya ciro waya ya ce, "Mama, in ɗauka?" Na ɗaga masa kai. Dillalin ya matsa gefe ya ba shi haske.

A hanya ya ce in an yi arba'in zai zo Manchester su zaga shagunan sadaka shi da Malam. Sun zaga kuwa, Asabar da yawa, har da na garuruwan kusa. Ba a samu ko murfi ba.

Da muka hau benen flat ɗin, autata ta buɗe ƙofa da 'yar a kafaɗa. Ta dubi hannuna, ta dubi hannun mijinta, ba ta tambaya ba. Na ce lokacin wankan yamma ya wuce, ta ba shi yarinyar. Na cika buta na kunna, na tsaya ina jiran ta tafasa. Ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Mama, yaya take ne, tsohuwar? Ban taɓa yi mata magana sosai ba." Na juye ruwan a bokiti, na sake cika butar, na fara ba ta labari.